BABI NA UKU: TARIHIN KAYAN AIKIN TAGULLA DA KULA DA SU A SANA'AR DUWATSUN ADO NA GILASHI

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an yi bayani a kan matsayin duwatsun ado a rayuwar Bahaushe, tun daga jigida da dutsen wuya har zuwa ƙarau. A wannan babi kuwa za a mayar da hankali ne ga kayan aikin da ake sarrafa waɗannan duwatsu da su, musamman waɗanda aka ƙera da tagulla. Za a duba yadda tagulla da gilashi suka daɗe suna tafiya tare a tarihin Afirka ta Yamma, da lokacin da tagulla ta zama abin aikin mai yin duwatsu, da irin tabon da take yi, da kuma hanyoyin da ake bi wajen kula da ita. Daga ƙarshe za a tattauna wata matsala da ke tsakanin mai sana'a da mai nazarin tarihi, domin tabon da ɗaya yake ƙoƙarin gogewa shi ne ɗayan yake son karantawa.

3.1 Ma'anar Tagulla

Hausawa sukan kira duk wani ƙarfe mai launin rawaya ko ja-ja da sunan tagulla. A wannan bincike, in an ce tagulla ana nufin gamin jan ƙarfe da tutiya. Wanda ya fi yawa a hannun maƙera shi ne mai kashi 70 cikin 100 na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya, irin wanda ake yin kwanson harsashi da shi. Akwai kuma mai kashi 60 da 40, wanda wani Bature ɗan Ingila mai suna George Muntz ya yi wa rajista a shekarar 1832. Wani nau'in kuma akan sa masa darma kimanin kashi 3 domin ya yi daɗin yanka a inji.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan babi shi ne halin waɗannan ƙarafa a gaban wuta. Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1,085 na ma'aunin santigireti, tutiya kuwa tun a digiri 420 take narkewa, ta kuma fara tashi kamar tururi a digiri 907. Ita tagulla tana narkewa ne a wajejen digiri 900 zuwa 940, gwargwadon haɗinta. Baƙin ƙarfe kuwa sai ya haura digiri 1,500. Gilashin kwalba yana fara laushi a wajejen digiri 700, kuma ba ya sarrafuwa yadda ake so sai zafin ya kai kusan digiri 1,000. Wato ke nan, zafin da gilashi yake bukata ya isa ya narkar da tagulla. Wannan ƙa'ida ita ce ta tsara wa tagulla iyakar aikinta a wannan sana'a tun daga farko har zuwa yau.

3.2 Tagulla da Gilashi a Tarihin Afirka ta Yamma

Tun kafin zuwan Turawa ta teku, jan ƙarfe da tagulla da duwatsun gilashi suna daga cikin kayan da suka fi daraja a fataucin wannan yanki. A Igbo-Ukwu, a kudu maso gabashin Nijeriya, haƙar da Thurstan Shaw ya yi a shekarun 1959 zuwa 1960 da kuma 1964 ta fito da kayan zubi na gamin jan ƙarfe tare da duwatsun ado fiye da 165,000, na gilashi da na dutse, waɗanda aka danganta da ƙarni na 9 zuwa na 10. A shekarar 1964 kuma Théodore Monod ya gano kayan wani ayari da aka binne a Ma'den Ijafen, cikin hamadar Muritaniya, inda aka sami sandunan tagulla 2,085 tare da wuri. Wannan ya nuna cewa tun wajejen ƙarni na 12 ake tsallako da tagulla ta Sahara a kan raƙuma. Haka kuma Ibn Batuta, wanda ya ziyarci Takedda a shekarar 1353, ya ba da labarin sandunan jan ƙarfe da ake ciniki da su a can. Masana da yawa suna ganin Takedda ita ce Azelik da ke Jamhuriyar Nijar a yau.

A ɓangaren gilashi kuwa, haƙar da Abidemi Babatunde Babalola ya yi a Igbo Olokun da ke Ile-Ife ta fito da dubban duwatsu da fasassun tukwanen narka gilashi. Binciken sinadaran gilashin ya tabbatar da cewa a nan gida aka haɗa shi, tsakanin ƙarni na 11 da na 15. A wannan gari ne kuma aka tono shahararrun kawunan zubi na tagulla da jan ƙarfe a shekarar 1938.

Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan wurare tagulla abar ado ce da dukiya, kamar yadda dutsen gilashi yake. Ƙarfen da aka sha wahalar ketaro hamada da shi ya fi ƙarfin a mayar da shi abin dungurar wuta. Kayan aikin da aka samu a Ife na yumɓu ne. Haka ma a ƙasar Krobo ta Gana, inda ake daka kwalba ta zama gari a gasa ta, mazubin na yumɓu ne, kuma da karan ganyen rogo ake barin hudar dutsen.

3.3 Bida: Masaga da Maƙeran Tagulla

Babu garin da ya fi Bida dacewa da wannan nazari, domin a can ne sana'o'in biyu suke zaune kusa da juna. Bida ta zama hedikwatar masarautar Nufe a wajejen shekarar 1857, a hannun 'ya'yan Malam Dendo, wato Usman Zaki da Masaba. A zamanin Etsu Masaba, daga 1859 zuwa 1873, garin ya bunƙasa ƙwarai, masu sana'a suka taru a unguwanni, kowace sana'a da shugabanta, fada kuma ita ce babbar mai saye. Wannan tsari ya girgiza bayan da sojojin Kamfanin Neja suka ci garin a watan Janairu na 1897, amma sana'o'in ba su mutu ba.

Masu aikin gilashi ana kiran su Masaga, kuma unguwarsu ma haka ake kiran ta. A tarihinsu na baka sun ce kakanninsu daga Misira suka taso, suka biyo ta Borno kafin su sauka a ƙasar Nufe. A da su da kansu suke haɗa wani baƙin gilashi da suke kira bikini, daga yashi da kanwa. Da kwalaben Turai suka yawaita sai suka koma narka su, domin sun fi sauƙi kuma suna ba da launi iri-iri. Leo Frobenius ya ga aikinsu a shekarar 1911, sannan S. F. Nadel, wanda ya zauna a ƙasar Nufe tsakanin 1934 da 1936, ya yi bayaninsu a littafinsa A Black Byzantium na shekarar 1942. Fatake Hausawa suna daga cikin waɗanda suka yaɗa ƙarau da duwatsun Bida a kasuwannin ƙasar Hausa da ma gaba.

Su kuwa maƙeran tagulla suna unguwar Tswata Mukun, inda ake ƙera tasoshi da butoci da farantai masu zane. Duk da wannan maƙwabtaka, kayan aikin Masaga na baƙin ƙarfe ne: dogayen sanduna da ake naɗa narkakken gilashi a kai, da awartaki, ga kuma murhun yumɓu da zugazugi. Wani zai iya ɗauka cewa rashin sani ne ko rashin hali ya hana su amfani da tagulla. Mai wannan bincike yana ganin ba haka abin yake ba. Sandar Masaga tana shiga tsakiyar wuta ne tare da gilashin, ta daɗe a ciki. Da ta tagulla ce, da ta lanƙwashe ko ta narke, kuma da zafi ya bi ta ya kai hannun mai riƙe da ita, domin tagulla ta fi baƙin ƙarfe saurin ɗaukar zafi. Saboda haka zaɓin da suka yi zaɓi ne na waɗanda suka san halin ƙarfe.

3.4 Shigowar Tagulla Cikin Kayan Aiki

Tagulla ta sami gurbi a wannan sana'a ne ta wata hanya dabam, wato hanyar Turai. A shekarar 1291 hukumar birnin Fenis a Italiya ta umarci masu tanderun gilashi su koma tsibirin Murano. A wannan yanki ne aka ƙware wajen yin dutse a harshen fitila: mai sana'a yana zaune, yana narka bakin sandar gilashi, yana naɗa shi a kan tsinken ƙarfe, sannan ya fitar da shi daga wuta ya daidaita siffarsa da ƙananan kayan aiki. A yankin Jablonec na ƙasar Bohemiya kuma, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Cek, an shahara a ƙarni na 18 da na 19 wajen matse gilashi mai laushi a cikin awartaki mai mazubi a bakinsa. A shekarun 1820 aka fito da injin matse gilashi a Amurka, inda aka yi amfani da mazuban tagulla da na baƙin ƙarfe.

A wannan salo, kayan daidaita siffa ba ya zama cikin wuta. Taɓa gilashin kawai yake yi na ɗan lokaci, a wajen harshen wuta. A nan ne saurin ɗaukar zafi, wanda zai zama aibi a hannun Masaga, ya zama alheri: tagulla tana zuƙe zafin fatar gilashin nan take, sai siffar ta tsaya. Bugu da ƙari tana da daɗin sassaƙa, ba ta kuma yin jar tsatsa mai ɓarɓashi irin ta baƙin ƙarfe.

Sai dai kuma wannan bai yiwu ba sai da tagulla ta yi araha. A da ana haɗa ta ne ta hanyar gasa jan ƙarfe tare da duwatsun tutiya da gawayi. Duk da cewa a Zawar ta ƙasar Indiya an daɗe da sanin tace tutiya, a Turai sai a shekarar 1738 William Champion ya yi wa tasa hanyar rajista a Bristol, kuma sai a ƙarni na 19 tutiyar ta wadata. Daga ƙarshen ƙarni na 20, da aikin dutse a bakin wutar gas ya farfaɗo a Amurka da Turai, matsen tagulla mai fuska biyu da allon murza dutse da 'yan tsinkayen jan zane na tagulla sun zama kayan yau da kullum a teburin mai sana'a.

3.5 Ire-iren Tabon Tagulla

Ana iya kasa tabon da ke samun waɗannan kayan aiki gida huɗu, kowanne da sanadinsa.

3.5.1 Dushewa

Wannan shi ne wanda ya fi yawa. Iska tana haɗuwa da jan ƙarfen da ke fuskar tagulla, sai hasken ya dushe, launin ya koma ruwan ƙasa. Gumin hannu, saboda gishirin da ke cikinsa, yana hanzarta abin, shi ya sa ake ganin shatin yatsu a jikin mariƙi. Wannan dushewa fata ce siririya, ba ta cin ƙarfen, hasali ma tana ɗan kare shi.

3.5.2 Tabon Wuta

Idan kayan aikin ya yi ta taɓa gilashi mai zafi ba a bar shi ya huce ba, fuskarsa takan yi ja-ja, sannan ta yi baƙi. In zafin ya yi yawa gilashin yakan manne masa. In kuwa aka kuskura aka sa shi cikin harshen wuta, tutiya takan tashi ta zama farin hayaƙi, wanda shaƙarsa ke kawo zazzaɓi da ciwon jiki. Wurin da tutiya ta gudu yakan zama ja kuma ya yi gautsi.

3.5.3 Koren Tabo

Idan laima ta haɗu da gishiri ko abu mai tsami a jikin tagulla, sai kore-kore ya fito, musamman a lungunan zane. A ƙasarmu da damina ne ake fama da shi. Mafi muni shi ne mai fitowa kamar gari, wanda gishiri ke haddasawa, domin yana cin ƙarfen yana barin ramuka, kuma in an goge shi yakan dawo. Wannan kore guba ne, don haka ya kamata a wanke hannu bayan an taɓa shi.

3.5.4 Tabon da ke Komawa Jikin Dutse

Wannan ne ya fi damun mai sana'a, domin shi ne yake taɓa aljihunsa. Jan ƙarfe yana daga cikin tsofaffin abubuwan da ake rina gilashi da su: yana ba da shuɗi mai kore-kore, in kuma wutar ba ta samun isasshiyar iska sai ya ba da ja. Saboda haka duk ɓarɓashin da ya ɓalle daga fuskar matse ya manne wa dutse, aka mayar da dutsen wuta, zai iya barin ɗigo a jikinsa. Gilashi mai launin hauren giwa, wanda ke ɗauke da farar wuta, yakan yi baƙin layi inda duk ya haɗu da jan ƙarfe. Haka kuma ragowar man goge-goge da mai da ƙurar yumɓun da ake shafa wa tsinke duk sukan ƙone a jikin dutse. Ya kamata a bambanta waɗannan da 'yan tattarar da sanyin ƙarfe ke bari a fatar gilashi, domin su da an ɗan haska dutsen a wuta suke bajewa.

3.6 Hanyoyin Kulawa Jiya da Yau

Tun kafin zuwan man kanti, matan Hausawa da na Nufawa sun san yadda ake fito da hasken tasa. Ana jiƙa tsamiya ko a matse lemun tsami a shafa, a dirje da toka ko lallausan yashi, a ɗauraye, a shanya. Tsamin yana narkar da dushewar, tokar kuma tana kankare abin da ya saura. Man Brasso, wanda ya fito a Ingila a shekarar 1905, ya zo ne daga baya ya tarar da wannan al'ada.

Amma abin da ya dace da tasar jere ba lallai ne ya dace da mazubi ba. Mazubi amfaninsa yana cikin santsin fuskarsa da kaifin zanensa, kuma duk ƙarzar da aka yi masa sai ta fito a jikin kowane dutse da aka matsa. Don haka ƙa'idojin da masu sana'a suke bi su ne kamar haka:

(a) Kada tagulla ta shiga harshen wuta, kuma a riƙa barin ta tana hucewa tsakanin dutse da dutse.

(b) Bayan aiki a share ƙura da busasshen ƙyalle mai laushi ko burushi.

(c) In tabo ya kai ga fuskar da ke taɓa gilashi, a shafa ruwan tsami marar ƙarfi na ɗan lokaci kaɗan, a ɗauraye sosai, a busar nan take. Daɗewa cikin tsami yana cinye tutiya ya bar fuskar ja.

(d) A guji yashi da magagari a fuskar mazubi, a kuma guji haɗa gishiri cikin ruwan wanki.

(e) In an yi amfani da man goge-goge, a wanke shi tas da sabulu kafin kayan ya sake taɓa gilashi. Kada kuma a shafa wa wannan fuska fenti ko mai.

(f) A ajiye kayan a busasshen wuri, nesa da ƙasa da kuma turken dabbobi.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe tana da tarihi. Sojojin Ingila a Indiya sun lura cewa kwanson harsashinsu yana tsagewa da damina, musamman wanda aka ajiye a bargar dawaki. A shekarar 1921 aka tabbatar da cewa sinadarin amoniya da ke tashi daga fitsarin dawaki ne yake tsaga tagullar da aka buga ta yi tauri. Wasu mayukan goge-goge ma suna ɗauke da wannan sinadari, wanda ya ƙara nuna muhimmancin ɗauraya.

3.7 Tabo a Matsayin Shaidar Tarihi

A nan ne ra'ayin mai sana'a da na mai nazarin tarihi suke rabuwa. Ga mai sana'a tabo datti ne. Ga mai nazari kuwa rubutu ne: baƙin wuta yana nuna gefen da ya fi taɓa gilashi, dushewar mariƙi tana nuna yadda ake riƙon kayan, ɓarɓashin gilashin da ya maƙale a lungu kuma yana iya faɗin irin launin da aka yi aiki da shi. Shi kansa ƙarfen yana ba da shaida, domin tagullar tsohuwar hanya da wuya tutiyarta ta wuce kashi 30 cikin 100, don haka wadda aka samu da kusan kashi 40 alama ce ta cewa ba ta daɗe ƙwarai ba.

Mai wannan bincike ya ga misalin wannan hasara a gidansu. Akwai wata tasa 'yar Bida da kakarsa ta zo da ita cikin kayan aurenta, wadda duk sallah sai an dirje ta da tsamiya da toka. A yau tana ƙyalli kamar sabuwa, amma zanen bakinta ya shafe, sai an karkata ta ga haske ake ganin alamarsa. Ƙauna ce ta sa aka yi ta goge ta, kuma gugar ce ta cinye abin da zai nuna hannun da ya ƙera ta.

Saboda haka wannan bincike yana ganin ya kamata a raba kaya gida biyu. Wanda ake aiki da shi, a tsabtace fuskar da ke taɓa gilashi kawai, a ƙyale sauran jikin. Wanda kuma ya tsufa aka daina aiki da shi, a share masa ƙura, a kare shi daga laima, kada a goge shi. Koren tabo mai gari ne kaɗai ke bukatar gaggawa, shi ma a hannun masu adana kayan tarihi. Wannan shawara ba ta tsaya ga tagulla ba, ta haɗa har da tsofaffin sanduna da awartakan Masaga, waɗanda in sun lalace sau da yawa maƙera ko bola ce makomarsu.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa tagulla da gilashi sun yi ƙarnoni suna tafiya tare a Afirka ta Yamma a matsayin kayan ado da dukiya, amma a wajen aiki yumɓu da baƙin ƙarfe ne suka riƙe wuta, kamar yadda misalin Ife da Krobo da Bida ya nuna. Tagulla ta zama abin aiki ne a salon da ake daidaita dutse a wajen wuta, bayan da ta yi araha. An kuma kawo ire-iren tabonta guda huɗu da sanadin kowanne, da hanyoyin kulawa na gargajiya da na zamani, tare da nuna cewa yawan guga yana iya shafe tarihi. A babi na huɗu za a duba yadda fatake suka riƙa shigo da duwatsun Bida ƙasar Hausa da sunayen da Hausawa suka raɗa musu.